Homron na Goma Sha Tara

Jamaica, Queens
11 ga Maris, 2013

Zuwa ga ɗan'uwana Malam Abdul-Fatawu,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan alheri. Yaya Fusena da yara? Yaya tuƙin taksi cikin wannan sanyi da ya ƙi tafiya? Jumai tana gaishe ku, ta ce in yi wa Fusena godiyar miyar da ta aiko.

Kada ka yi mamakin ganin wasiƙa daga mutumin da kuke gari ɗaya. Tun da likitoci suka cire mini maƙogwaro saboda ciwon dajin nan, waya ba ta da sauran amfani a wurina. Ranar da ka zo asibiti kuma na lura da wani abu: kafin in rubuta kalma ɗaya a allona, kai ka faɗi ashirin, ka ba kanka amsa, ka ce ka ci gardama. Shekara ashirin da biyu muna musu, tun muna loda kaya tare a filin jirgi, ban taɓa yarda ka kayar da ni ba. A takarda ba ka da halin katse ni.

Ka dai ga abin da ya faru a Janairu. 'Yan jaridar da ke zaɓen waɗanda za su shiga gidan tarihin besbol sun zauna sun tashi ba su zaɓi kowa ba, har da mutumin naka da kake kira Ƙato. Na yi murna har Jumai ta zaci sakamakon gwajina ne ya fito da kyau. Maganata tana nan inda take. Dattijon da ya riƙe tarihin homron fiye da shekara talatin, da ƙarfin da Allah ya ba shi ya riƙa tsallakar da ƙwallo bayan shinge. Ƙato da ya karya tarihin kuwa ana zarginsa da allurar sitiroid. Kai ka ce ba a kama shi ba, ni na ce ina da ido. A gidana Dattijo ne sarki har gobe.

Yanzu ga roƙona. Ɗana kuma ɗanka Mang ya shiga shekararsa ta ƙarshe a kwaleji, kuma wasa ya karɓe shi bana. Sun fara kakar wasa, har ya buga homron huɗu. Tarihin kwalejinsu goma sha takwas ne a kaka ɗaya, tun 1987 ba a taɓa shi ba. Likita ya hana ni shiga taro sai na gama wannan zagayen magani. Tunda ɗakinsa na University Heights yana kusa da ku, kuma filin wasansu ba nisa, ka zama idona. Ka je ka kalla, ka rubuto mini komai, har yadda yake riƙe sanda. Ni na koya masa yana ɗan shekara shida, ina so in san ko ya gyara tsayuwarsa.

Allah ya bar zumunci.

Naka,
Yosiya Choji

Morrisania, Bronx
2 ga Afrilu, 2013

Yaya Yosiya,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ya jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ce. Mu duk lafiya lau. Fusena ta yi dariya da ta ga ina neman biro, ta ce tun muna Kumasi rabon da ta ga na rubuta abin da ya wuce lambar waya.

Na je, Massa! Ranar Asabar na ajiye mota na zauna bayan raga. Yaron nan ya buga biyu. Ta farko ta wuce shinge da kyar, ta biyu kuwa ƙarar sandar kaɗai ta isa, mai jifa ko waiwaya bai yi ba. Shida ke nan. Tsayuwarsa tana nan yadda ka koya masa, amma jikin ba na da ba ne. Ya cika paa! Ranar Lahadi da ya zo cin wake da shinkafa, kafaɗunsa suka cika ƙofar kicin. Ya ce sau biyu yake ɗaga ƙarfe kullum.

Yanzu mu koma kan Ƙato. Wannan zaɓen na Janairu munafunci ne, kuma a gaban Mang na faɗa, har ya ƙware don dariya. Allura ba ta buga ƙwallo, Yaya. Ka yi mini allura ɗari, ka ba ni sanda, ko inuwar ƙwallon ba zan taɓa ba. Ido da hannu na Allah ne. Na biyu, a zamanin nan waye bai yi ba? Masu jifar da suke jefo masa, ruwan zamzam suke sha? Masu ƙungiyoyi suna kallo, filaye suna cika, babu wanda ya ce uffan. Sai da aka gama cin naman aka ce kare ne.

Kai ma fa na tuna da kai. A 1998, a ɗakin hutunmu na filin jirgi, waye ya hau kan benci yana ihu lokacin da ake tseren homron? Har shayinka ka zubar a rigar abokin aikinmu Souley. Sannan mu da muke aikin awa goma sha shida, me muke haɗiya don baya ya bar mu mu ɗaga akwati? Ƙwayar ciwon jiki biyu da safe, biyu da rana. Kowa da abin da yake yi wa jikinsa don ya ci abinci a ƙasar nan. Ƙwallon da ta tsallake shinge ta tsallake, babu mai dawo da ita.

Ka amsa idan kana da amsa. A gaida Mama Jumai da kyau.

Ƙaninka,
Abdul-Fatawu

Jamaica, Queens
14 ga Afrilu, 2013

Ɗan'uwana Malam Fatawu,

Gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali. Wasiƙarka ta iso, na karanta labarin wasan sau uku. Na gode.

Na hau benci a 1998, ban musa ba. An ruɗe ni ne, kuma wanda aka ruɗa ba shi ne ɓarawo ba. Batun ƙwayoyinmu kuwa, mu ba mu ƙwace wa kowa sunansa ba. Ka yi tunanin yaron da ya ƙi allura a wancan zamani. Ya yi atisaye daidai da kowa, aka sallame shi, aka ɗauki na kusa da shi mai kumburarren hannu. Yau yana wani wuri yana tuƙa babbar mota, ba wanda ya san ya taɓa riƙe sanda. Shi nake wa faɗa, ba Dattijo kaɗai ba. Mahaifina ya yi haƙar kuza a Bukuru. Ya ce duk ranar da mutum ɗaya ya gauraya yashi a buhunsa, sai mai awo ya daina yarda da buhun kowa. Abin da suka yi wa wasan ke nan. Yanzu ko yaro mai gaskiya ya buga ƙwallo da nisa, sai an dubi wuyansa.

Kuma don Allah ka rage irin wannan magana a gaban Mang. Ba wai ina tsoro ba ne. Tun yana ƙarami ya san ra'ayina, shi da kansa ya cire hoton Ƙato daga bangon ɗakinsa.

Ya zo jiya bayan wata guda. Na ga cikar da ka faɗa, na ji daɗi. Sai dai ransa a kusa yake. Uwarsa ta ga ƙuraje a bayan wuyansa, ta ce bari ta ba shi sabulun salo, sai ya daka mata tsawa, ya bugi ƙofar kabad har ta tsage. Daga baya ya durƙusa ya ba ta haƙuri, har da hawaye. Na gaya wa Jumai nauyin jarrabawa ne da na wasa. Ka ɗan riƙa kwantar masa da hankali, yana jin maganarka.

Goma sha ɗaya yanzu. Saura bakwai ya kamo, takwas ya wuce.

Naka,
Yosiya

Jamaica, Queens
29 ga Afrilu, 2013

Malam Fatawu,

Gaisuwa. Lafiya kuwa? Mako biyu babu wasiƙa. A kwamfutar Jumai na ga Mang ya kai goma sha shida, kai da na naɗa idona ba ka ce komai ba. Jumai ta kira Fusena, ta ce sama-sama suka gaisa. Idan maganar kuza ce ta yi maka nauyi, ka ce ka sallama, ba zan gaya wa kowa ba. Idan kuma wani abu ne ya faru, ka faɗa mini. Muryata aka cire, ba hankalina ba.

Naka,
Yosiya

Morrisania, Bronx
3 ga Mayu, 2013

Yaya Yosiya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara maka lafiya. Ka zauna kafin ka ci gaba da karatu, kuma kada ka karanta a gaban Mama Jumai.

Sau huɗu na fara wannan wasiƙa ina yagawa. A tsakiyar Afrilu Mang ya kawo wata ƙaramar jaka gidanmu, ya ce abokin ɗakinsa yana yi masa bincike a kaya, mu ajiye masa. Fusena ta sa a saman kabad. Ran nan tana goge-goge jakar ta faɗo, zif ya buɗe. Ƙananan kwalabe ne da sirinji. Ka san shekararta goma sha biyar tana aikin kula da tsofaffi, ta san magani. Ta karanta jikin kwalbar, ta zauna a ƙasa.

Washegari da la'asar na ɗauke shi daga fili, na yi fakin a gefen Jerome Avenue, na ɗora masa jakar a cinya. Na yi masa Hausa, yana amsa mini da Turanci yadda suka saba.

Na ce, "Mang, mene ne wannan?"

Ya ce, "Bitamin ne, Kawu."

Na ce, "Ka dubi furfurata ka sake faɗa."

Ya dubi jakar. Can ya ce, "Ba kai ka ce allura ba ta buga ƙwallo ba? A teburinka na ji, ba sau ɗaya ba."

Wallahi, Yaya, ji na yi kamar an watsa mini tafasasshen ruwa. Na ce masa wannan musun tsofaffi ne, hira ce ta kashe lokaci. Ya ce shi ba shi da lokacin kashewa. Bara biyar ya buga, babu wanda ya san sunansa. Bana masu neman 'yan wasa na manyan ƙungiyoyi sun zo kallonsa sau biyu. Ya ce tun Satumba ya fara, su biyar ne a tim ɗinsu, duk wurin mutum ɗaya suke saye a wani gidan ɗaga ƙarfe, kuma koci bai sani ba. Na ce idan aka gwada ku fa? Ya ce tun da ya shiga kwalejin ba a taɓa gwada shi ba.

Na ce zan gaya maka. Sai ya kama hannuna, ya koma Hausa, irin Hausarsa ta yara. Ya ce, "Kawu, Baba ba shi da tabbacin baɗi. Ka bari ya ga abu ɗaya."

Shi ya sa na yi shiru. Na ce a raina kaka ta kusa ƙarewa, a bar kaza cikin gashinta. Na hana shi jakar, amma na san ya samo wata, don bugun bai ragu ba. Fusena ce ta ce idan ban rubuta ba, ita za ta hau jirgin ƙasa ta zo Queens. Ta ce abin nan yana kumbura zuciya, ta ga mutumin da ya lalata wa ƙoda.

Ban canza ra'ayi a kan Ƙato ba, kada ka ce tuba na zo yi. Amma Ƙato ba a hannuna ya girma ba. Ka yi mini duk faɗan da za ka yi, na cancanta. Kai ubansa ne, ka san abin yi.

Ƙaninka,
Abdul-Fatawu

Jamaica, Queens
14 ga Mayu, 2013

Abdul-Fatawu,

Gaisuwa. Da na amsa maka ranar da wasiƙarka ta zo, da zumuncinmu ya ƙare a ranar. Na rubuta cewa kai ka shayar da ɗana guba da bakinka, kana dariya kana zuba masa miya. Har yanzu ina ganin akwai gaskiya a ciki. Amma yau ba ni da bakin faɗa, za ka ji dalili.

Na aika masa ya zo ranar Talata, lokacin da Jumai take wurin aiki. Na rubuta a allo: "Gaskiya ne?" Ya ce, "Eh." Na buɗe baki zan yi masa tsawa, na manta. Iska ce kawai ta fito ta ramin wuyana, tana fito kamar butar shayi. Ya kawar da kai. Na rubuta cewa na ba shi zuwa Juma'a ya je ya gaya wa koci da bakinsa, in ba haka ba ni zan rubuta. Ya ce, "Baba, za su kore ni, digirina ma zai iya tafiya. Saura wasa uku. Na rantse daga nan na daina." Na nuna masa allon. Ya ce, "Ka taɓa buga wasan nan, Baba? Kai kallo kawai ka sani." Ya fita.

Juma'a ta wuce bai je ba. Na zauna na rubuta wa koci shafi guda, na sa a ambulan, na liƙe.

Ranar Asabar ne wasansu na ƙarshe a gida, yana da goma sha takwas, ya yi kunnen doki da tarihin. Likita ya ba ni izinin fita. Jumai ba ta san komai ba. Ta je an yi mata kitso, ta gayyato mata uku daga cocinmu. Na sa kwat, wasiƙar tana aljihun ƙirji. Na hango ka a can ƙarshen benci, na yi kamar ban gan ka ba. Niyyata in miƙa wa koci kafin a fara. Da muka isa yana magana da alƙalan wasa, na ce bari ya gama. Da ya gama na ce bari a ɗan fara. Haka na yi ta ɗagawa har zagaye na bakwai.

Ka ga bugun da idonka, ba sai na faɗa maka ba. Ƙwallon ta wuce shinge, ta wuce bishiyoyi, ta faɗa kan rufin garejin nan. Ina so in ce maka ban san lokacin da na miƙe ba, amma ƙarya ne. Na sani. Na san abin da ke cikin hannuwan nan, na san abin da ke aljihuna, na miƙe na tafa har tafina ya yi zafi. Da yana zagaya fili ya nuna ni da yatsa, mutane suka juyo suna tafa mini. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan minti ba, kuma ban taɓa raina kaina kamar yadda na raina a jirgi muna komawa gida ba.

Wasiƙar tana cikin akwatina, ban aika ba. Mang ya sake rantse mini cewa ya daina, tunda kaka ta ƙare. Na zaɓi in yarda. Kai ma ka yarda, ka roƙi Fusena ta bar maganar a nan. Jumai tana da ni a wuya, ya ishe ta.

Kada ka sake rubuto mini labarin besbol.

Yosiya

Morrisania, Bronx
5 ga Agusta, 2013

Yaya Yosiya,

Ina gaisuwa, ina ƙara yi muku ta'aziyya. Allah ya ba ka haƙuri, ya ba Mama Jumai, ya ba mu duka.

A maƙabarta ka rubuta mini a allo cewa in gaya maka yadda aka yi, tunda ni na fara isa. Ban iya ba a lokacin. Ga shi.

Ranar Alhamis ce, 18 ga Yuli, cikin makon zafin nan, muna azumi. Wajen ƙarfe goma na safe ina da fasinja aka kira ni daga asibiti, lambata ce a wayarsa a matsayin ɗan'uwa mafi kusa. Na sauke mutumin a bakin titi ina ba shi haƙuri. Abokan atisayensa suka ce gudu suke yi a fili, yana shirin gwajin wata ƙaramar ƙungiya, tunda manyan ba su ɗauke shi a Yuni ba. Ya tsaya, ya dafa gwiwa, ya ce su ba shi minti ɗaya. Sai ya kife. Motar asibiti ba ta yi jinkiri ba. Da na isa suna kansa, sun fi minti arba'in suna danna ƙirjinsa. Bai farfaɗo ba, bai ce komai ba. Da likitar ta fito, ta tambaye ni ko ni ne uban. Na ce ni kawunsa ne. Ta ce in kira ku. Na shiga na rufe masa ƙafafu, don zanen bai kai ba.

Bai daina ba, Yaya. Ni na gani tun Yuni, jikin ƙaruwa yake. Na tambaye shi sau ɗaya, ya ce ya daina, na karɓa da sauri don abin da nake so in ji ke nan. Fusena ba ta yi mini magana mai tsawo ba tun ranar jana'iza.

Takardar likitan binciken gawa da ka nuna mini a ɓoye ta faɗi komai: zuciya ta kumbura, kuma an sami abin a jininsa. Mutane suna cewa zafi ne, wasu suna cewa da ciwon aka haife shi. Yanzu na ji kwaleji za ta yi taro a Oktoba, a rubuta sunansa da goma sha tara a bango, a rataye rigarsa.

Ba zan yi maka wa'azin tarihi ba, ni ne mutum na ƙarshe da zai yi. Lamba ba ta dame ni ba, su rubuta ɗari in suna so. Amma ya ce mini su biyar ne. Huɗu suna nan, za su tsaya a taron nan su dubi bango, su ga abin da allura take saya. Ba wanda zai gaya musu abin da ta karɓa. Kowannensu yana da uwa.

Na so in je wurin koci da kaina, amma ba ni da takarda, kuma ba ɗana ba ne a idon doka. Kai ne mai takarda. Ka fito da ita, ni zan kai ka, ni zan zama bakinka.

Ƙaninka,
Abdul-Fatawu

Jamaica, Queens
9 ga Satumba, 2013

Ɗan'uwana,

Gaisuwa. Na gode da ka rufe masa ƙafafu.

Wata guda ina juya maganarka. Amsata a'a ce.

Na san abin da za ka ce, duk ni na koya maka shi. Amma ka ji. Yaron nan shekara ashirin da biyu ya yi a duniya. Bai yi aure ba, bai haifu ba, ko takardar digirinsa ta gidan waya ta zo bayan mun binne shi. Abin da ya rage da sunansa a ƙasar nan shi ne wannan bangon. Kana so in je da ƙafata in ce a goge, 'yan cocinmu su ji, labari ya kai Jos cewa ɗan Yosiya mai wa'azin gaskiya ɗan allura ne? Shi ya buga ƙwallayen nan, Fatawu. Ni na ga kantar da ke tafin hannunsa tun yana firamare.

Sannan akwai Jumai. Ita ta yarda cewa da ciwon aka haife shi, har tana zargin kanta wai ƙanin mahaifinta ma haka ya faɗi a gona. Na bar ta a haka. Idan takardar ta fito, tambayarta ta farko ita ce, yaushe ka sani? Zan ɗauki allo in rubuta mata cewa tun Mayu, kuma ina zaune kusa da ita ina tafi? Gwajina na makon jiya bai yi kyau ba, ciwon ya sauka huhu. Ba ni da tsawon kwanan da zan jira ta yafe mini.

Yaran nan huɗu suna da iyayensu. Sun ga abokinsu ya faɗi, in suna da hankali ya ishe su. Na san wannan magana ba ta da ƙarfi, ba sai ka faɗa mini ba.

Ka bar mini lambar nan. Idan kana ƙaunata, ka zo taron ka zauna kusa da ni, kada ka ce komai.

Naka,
Yosiya

Jamaica, Queens
8 ga Oktoba, 2013

Malam Abdul-Fatawu,

Ina gaisuwa. Jumai ce, uwar Mang.

An kwantar da Yosiya a asibiti ranar Laraba, numfashi ya ƙi. Ina haɗa masa kaya na buɗe akwatinsa, na ga takardar likita, da wata wasiƙa a liƙe, da wasiƙunka duka. Na karanta komai. Ban ga nasa da ya aiko maka ba, kuma ba na buƙata.

Ku biyu kun san ɗana yana kashe kansa tun ana sanyi-sanyi, kuka zauna kuna rubuce-rubuce. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Da ɗayanku ya buɗe baki, da na ja shi da kunne zuwa gwajin zuciya a ranar. Ba ku tambaye ni ba. Na yi wata biyu da rabi ina kuka ina cewa jinina ne ya kashe shi.

Jiya na je kwalejin, na ba koci takardar likitan hannu da hannu, na gaya masa akwai huɗu. Ya zauna ya riƙe kansa. An fasa taron. Ya fara yi mini bayanin abin da za su yi da lambar, na ce ban zo don wannan ba.

Na gaya wa Yosiya. Ya ɗauki allo, ya riƙe, bai rubuta komai ba. Tun jiya ya ƙi abinci. Likita ya ce makonni ne suka rage masa.

Ka je ka zauna da shi, ba shi da wani. Hawa na shida, ɗaki na goma sha huɗu. Ka gaya wa Fusena ban shirya ganinta ba tukuna, kai ma haka. Ni ina zuwa da safe, in tafi ƙarfe biyu. Ka zo bayan biyu.

Ka huta lafiya.

Jumai Choji